Daminar da Muka Tokare Ɗakunan Sabon Birni

Ranar da ɗaki ya rufta wa Inna, ina Garo a gaban allo. An yi hutu, amma aka tsayar da 'yan ajin ƙarshe su yi lesin, ni kuma aka ce in riƙa taɓa musu ɗan lissafin gini, tunda shi na karanta a kwalejin fasaha kafin koyarwa ta yi gaba da ni. Lokacin marka ne. Kwana da kwanaki rana ba ta leƙo ba. Ruwan kuma ba mai tsawa da iska ba ne, mai zuba ne a hankali, ya ɗan tsagaita ya dawo. Komai ya yi danshi, har alli ba ya kama allo sosai.

Na ɗora doguwar rular katako a kan gwangwanayen madara biyu, ɗaya a kowane baki, na aza dutse a tsakiya. Ina gaya wa 'yan matan cewa duk abin da suka gani a tsaye cak, ba wai babu abin da yake tura shi ba ne. Dutse yana danna rula ƙasa, gwangwanaye suna tokare ta sama, kowanne ya ɗauki rabin nauyin. Abin da ya danna da abin da ya tokare sun zo daidai, shi ya sa ba ta motsi. Na gusa dutsen wajen gwangwani ɗaya, na tambaye su wanne ya fi shan wahala yanzu. Suna cikin gardama sai na hango Madam a bakin ƙofa da lema a hannu.

Madam ita ce mai koyar da fizis. 'Yar Filato ce, Kirista, ta girme ni nesa ba kusa ba, bango ɗaya ne ya raba ɗakinta da nawa a kwatas ɗin malamai. Ba ta taɓa katse mini aji ba.

"Malama, zo."

Na fita. Ta ce, "Wayarki a kashe take, shi ne yayanki ya kira tawa. Ɗauko mayafinki, za mu Sabon Birni."

"Inna ce?"

Ta gyaɗa kai.

"Ta rasu?"

"Ɗakinta ne ya faɗo. Allah ya ji ƙanta."

Na ji bakina ya yi salati, kamar wata ce a gefe take yi. Sannan na koma aji na ce wa monita ta tattara rula da gwangwanayen ta kai ofis, dutsen kuma a mayar da shi waje. Har allo na goge.

Mota ta kai mu Gwarzo, daga nan muka hau babur. Madam tana bayana, ta riƙe mini jaka. Ina kallon dawa da ta yi kore shar a gefen hanya, ina kallon taɓo yana fallatsa a zanina, ina tunanin zai yi wuyar wankewa. Abin da ya zo kaina ke nan.

Mun tarar an yi mata wanka. Aka buɗe mini fuskarta, babu rauni a kai, ƙirji ne da kafaɗa. Matar Yaya ta rungume ni tana kuka, ni kuwa na tsaya ina shafa mata baya. Bayan maza sun dawo daga maƙabarta, Yaya ya kira ni bayan rumbu ya ba ni labari. Inna ta karya kumallo, ta ce sanyi ya shige mata gwiwa, ta koma ta ɗan kwanta da hantsi. Ba a ji wata ƙara ta kirki ba, sai dim, kamar an sauke buhu daga mota. Ƙasar rufin ta cika ɗakin, azara ɗaya ta faɗa mata a ƙirji, ƙasa kuma ta danne azarar. Maza suka taru suka kasa ɗagawa, sai da wani ya ciro ƙarfen amalanke, aka mirgino turmi aka ɗora ƙarfen a kai, aka zura bakinsa ƙarƙashin azarar aka danna.

Na ce, "Turmin, kusa da azarar kuka sa shi ko nesa?"

Yaya ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Kusa."

Na ce daidai ne, haka ake yi. In matokari yana kusa da kaya, hannun ƙarfen ya yi tsawo, mutum biyu sai su ɗaga abin da ya gagari jama'a. Yaya ya share fuska da bakin rigarsa ya koma zaure wajen masu ta'aziyya.

Zaman makoki ya wuce mini kamar ana hira a maƙwabta. Mata su shigo, su durƙusa, "Ya muka ji da haƙuri?" In ce alhamdu lillahi. "Allah ya sa ta huta." In ce amin. A kawo gumba, a kawo tuwo, in ci abin da aka tura gabana. Na jira kuka bai zo ba. Ba danne shi nake yi ba, babu shi ne kawai. Abin da na lura ina yi shi ne kallon sama. Duk ɗakin da aka zaunar da ni sai idona ya bi itacen rufi daga wannan bango zuwa wancan, ya tsaya inda danshi ya yi taswira.

Washegarin sadakar uku na shiga kangon ɗakin Inna ni kaɗai. Bangayen suna tsaye, sama ce a buɗe. An kwashe gadonta da kwallayenta. A gefe guda wani yanki na rufin ya faɗo bai farfashe ba, na durƙusa na duba kaurinsa. Ya kusa kai kamu biyu, hawa-hawa, kowane hawa da launinsa. Al'adarmu ce, kafin kowace damina a kwaɓa ƙasa a ƙara yaɓe a kan soro don kada ya yi yoyo, ba wanda yake kankare na bara. Tun zamanin mahaifinmu ake ƙarawa. A littafi wannan shi ake kira mataccen nauyi, wato nauyin ginin kansa, wanda ba ya sauka dare da rana. Ga shi kuma ƙasar ta sha ruwa ta ƙoshi, ta ƙara nauyi a kan nauyi. Na jawo azarar da ta kashe ta. Tsakiyarta lafiya ƙalau, giginya ce ta gaske. Bakin da yake binne cikin bango, wajen indararo, shi ne ya yi baƙi ya ruɓe, na sa yatsa ya nutse. A cikin bango yake, babu idon da zai gan shi. Na wanke hannu a randa na koma wajen mata.

Bayan sadakar bakwai Dagaci ya aiko a kira ni. Yaya ya raka ni. Dattijo ne mai magana a hankali, abokin mahaifinmu tun suna samari. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya sake yi mana ta'aziyya, ya tambayi mutanen Garo da aiki da maigidana da yake Kano. Sannan ya ce:

"'Yata, na san ba lokacin da za a ɗora miki aiki ba ne. Amma gari ya tsorata. Mata sun kwashe yara suna kwana a rumfa, sauro yana cin su. Jiya an ce katanga ta faɗa wa awaki a Unguwar Tudu. Ruwan nan kuma bai nuna alamar tafiya ba. An ce ilimin gini kika karanta."

"Ranka ya daɗe, na karanta, amma ban taɓa gina ko akurki ba."

"Ga wanda ya gina." Ya nuna wani tsoho da yake zaune a gefen tabarma, tsohon maginin garin, wanda rabin sorayen Sabon Birni hannunsa ne ko na mahaifinsa. "Ku zaga tare. Ɗakin da zai tsaya ku ce zai tsaya, mutane su yi barci. Wanda ba zai tsaya ba ku faɗa mini, ni zan yi magana da mai gidan."

Tsohon ya ce, "Ni kunnena ya san itace, amma idona ya yi rauni. Kuma kafin a yi mini iso cikin gida an ɓata rabin yini. Ke kuwa sallama kawai za ki yi."

Na ce to. Da an ce in je in share kasuwa ma to ɗin zan ce. Zama da tafiya duk ɗaya ne a wajena a lokacin.

Muka fara daga gidajen da suke kusa da masallaci. Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba: igiya, ƙaramin dutse, wuƙa, tocilan, da sandar Baba magini. Ni nake fara shiga, mata su kimtsa, sannan ya biyo baya. Shi ya ƙwanƙwasa azara da sanda ya kasa kunne. Mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda ta ruɓe sai ta yi bum kamar ganga mai sanyi. Ni kuma in hau turmi in ja igiya daga wannan baki zuwa wancan a ƙarƙashinta, in ga yadda cikinta ya sauko. In soka wuƙa inda ta shiga bango. In ɗaura dutse a igiya in sake shi daga saman bango, don igiya mai dutse ba ta ƙarya, kullum ƙasa take nunawa sak. In bango ya kauce mata, bangon ne ya karkace.

Abin da muka tarar ya fi abin da na zata. Giginya ta yi wuya a ƙasarmu, gidaje da yawa an yi musu rufi da darbejiya da itacen turare, gara kuwa ta samu abinci. Wasu sun faɗaɗa ɗaki don gado mai rumfa ya shiga, ba su ƙara kaurin itace ba. A kan soraye kuma an jibge itacen girki da damman kara, duk sun jiƙe.

Mata suka riƙa tambayata me nake nema a ƙasan itace, alhali ruwa daga sama yake zuwa. Sai in zaro karan dawa daga danga in riƙe bakinsa biyu in lanƙwasa a hankali a gabansu. In ce su duba: ɓangaren ciki yana tattarewa, matse shi ake yi; ɓangaren waje yana miƙewa, jan sa ake yi, kuma daga nan yake fara tsagewa. Haka azara take in an ɗora mata ƙasa. Samanta a matse, ƙasanta a jaye. Shi ya sa in za ta karye a tsakiya, daga ƙasa take fara nuna baki. Da na faɗa sau ɗaya a gida, gobe sai in tarar matan gidan gaba sun riga sun haska tocilan sun samo tsagar da kansu.

Maganin da ya fi sauƙi tokari ne: a gitta katako a ƙarƙashin azarori a tsakiyar ɗaki, a kafa masa gungume. Wani maigida ya ce mini yaya sanda ɗaya za ta hana soro faɗuwa. Na ce masa wahalar azara ba daidai take tafiya da faɗin ɗaki ba. In ka ninka faɗin ɗaki, lanƙwasar da take fama da ita ba biyu take zama ba, huɗu take zama. To in ka raba faɗin biyu da tokari, ka mayar da wahalar kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Baba magini ya ce shi bai san huɗun ba, amma mahaifinsa bai taɓa yarda azara ta tsallake fiye da tsawon mutum ba tare da ginshiƙi ba. Maigidan ya aika aka saro darbejiya.

Nan ma sai da muka yi ta fama. Wasu su kawo siririn itace dogo, ana ɗora masa nauyi ya gantsare kamar baka. In ce musu itacen da ake dannawa daga kai ba murƙushewa yake fara yi ba, gefe yake gocewa, a nemo gajere mai kauri. Wasu su kafa gungume a kan daɓe mai danshi, kwana ɗaya ya nutse, ya bar rufin yana reto. Sai an shimfiɗa masa faffaɗan dutse ko katako a gindi, nauyin ya bazu. Na faɗi wannan magana har ta zame mini kamar karatun allo. Ina jin muryata tana fita daidai, ina ganin mutane suna gyaɗa kai, suna sa mini albarka, suna cewa Inna ta haihu. Ni dai in amsa da amin in ɗauki igiyata.

Ana cikin haka Madam ta sake zuwa, da kula cike da gwaten acca. Ta ce ta karɓi ajina, kada in damu. Ta zauna tana kallona ina ci.

"Ya yi gishiri?"

Na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba.

"Kin yi kuka?"

"A'a."

Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce lokacin da babanta ya rasu a ƙauyensu, ita wanki ta kama. Ta wanke kayan gidan kaf, har labule, har buhunan da babu komai a ciki, mutane suna ta gulmar ba ta damu da uban ba. Na tambaye ta yaushe abin ya sake ta. Ta ce ba rana ɗaya ba ce, ba ta ma san lokacin ba. Ta bi mu gida biyu tana riƙe mini tocilan, sannan ta hau babur ta koma kafin ruwa ya sauko.

Gidan da ya fi ba mu wuya na Goggo ne. Ba ƙanwar mahaifinmu ba ce, aminiyar Inna ce tun suna amare, muka taso muna ce mata Goggo. Daddawa take yi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza suna kudu, ita kaɗai ce a ɗan gidanta da kaji. Tun ranar jana'iza ba ta sake taka gidanmu ba, aka ce ta ce ba za ta iya ganin kangon ba.

Na yi sallama na same ta a bakin murhu. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ba wadda ta ambaci Inna. Da na ɗaga labulen ɗakinta na haska sama, na ga an lulluɓe rufin da tsofaffin zannuwa don kada ƙasa ta riƙa zubo mata. Na yaye ɗaya. Azarori biyu sun yi ciki kamar na akuya mai juna biyu, ɗaya ta tsage daga ƙasa. Baba magini ya ƙwanƙwasa, ya dube ni ya girgiza kai. Muka zaga baya. Na saki igiya daga saman bangon gabas, dutsen ya tsaya can nesa da gindin bango, har tafin hannuna yana shiga tsakani ya yi saura. Bangon ya kwanto waje, ruwan lungu kuma yana cin gindinsa.

Na ce, "Goggo, ɗakin nan ba na kwana ba ne."

"A cikinsa aka kawo ni, a cikinsa za a fitar da ni."

"Bangon ya bar gindinsa. Muddin nauyin bango yana sauka a cikin faɗin gindinsa, zai tsaya. In ya fita, babu abin da zai riƙe shi. Wannan yana bakin fita."

"Ke 'yar nan, uwarki ɗaki ne ya kashe ta? Kwana ne ya ƙare. Da a fili take zaune ma da ta tafi a wannan sa'ar."

"Haka ne, Goggo."

"To, fa."

"Amma ɗakin zai faɗi."

Ta juya ta ci gaba da fifita wutarta. Baba magini ya gwada, ta ce masa ai shi ya yi yaɓen ƙarshe, in ɗakin bai yi ba shi za a tambaya. Dagaci ya aiko, ta ce a gaya masa tana gaishe shi. Abin da ta yarda da shi kawai tokari. Samari suka kawo gungume, aka rasa abin da za a shimfiɗa masa a gindi, ta shiga madafa ta mirgino tsohon dutsen niƙanta ta ce ga shi nan, tun da inji ya zo ba ta taɓa shi ba. Muka kafa a ciki, muka jingina wasu itatuwa biyu a bayan bangon, muka haƙa wa ruwan lungu hanya. Na gaya mata gaskiya cewa tokarin ciki rufi yake riƙewa, ba bango ba, na waje kuma a taɓo suke tsaye. Ta ce ta ji.

Da yamma matar Yaya ta ce mini, "Ke kin tsaya kina yi mata lissafi. Ce mata za ki yi ba kya iya barci ke kaɗai."

Na ce ai ina barci. Barci ma nake yi kamar an jefa dutse a rijiya.

"Ke dai je ki faɗa."

Na koma kafin magariba. Na tsaya a tsakar gidanta na ce, "Goggo, ɗakin da aka ba ni ya yi mini girma. Ki zo ki taya ni kwana." Na faɗe shi yadda nake faɗar darasi. Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da Yaya ya yi mini a bayan rumbu. Ban san abin da ta gani ba. Ta tashi ta ɗaure ƙullin kayanta, ta kama kajinta ta zuba a kwando, ta ce in ɗauki buta da dardumar salla.

A gidanmu, a ɗaki mai rufin kwano, muka zauna ni da ita har ƙarshen hutu. Ita ce mai kukan. In ta idar da sallar asuba sai ta zauna a kan darduma ta yi ta ba ni labarin Inna: yadda suka taɓa tafiya biki Kabo a ƙasa, takalmin Inna ya tsinke, suka riƙa karɓa-karɓa da na Goggo, yadda Inna ba ta iya daddawa ba har ta mutu, kullum tata sai ta yi ɗaci. Tana faɗa tana share hawaye da gefen zani. Ni ina kwance ina saurare, ina riƙe labaran, amma kamar na wata mata ce da ban taɓa gani ba.

Kullum da hantsi sai ta je ta leƙa gidanta ta dawo ta ce, "Injiniya, ɗakina yana gaishe ki. Yana nan tsaye." In ce madalla.

Bai faɗi ba. Marka ta wuce, aka shiga kaka, ɗakin Goggo yana tsaye a karkace da itatuwansa. A garin gaba ɗaya ɗaki biyu ne suka zube bayan zagayenmu, dukansu mun riga mun sa an kwashe mutanen ciki, ɗaya buhunan taki ya danne, ɗaya babu komai a ciki. Ba a sake rasa rai ba a wannan daminar. Dagaci ya sa aka yi mana addu'a a masallacin Juma'a, Yaya ne ya gaya mini a waya, don na riga na koma Garo.

Da rani 'ya'yan Goggo suka zo daga kudu suka ce a rushe a sake. Na je ranar Asabar na tarar Baba magini yana tsaye yana nuna wa samari inda za su fara. Da aka kwashe ƙasar rufin aka zo zare azarori, uku daga ciki bakinsu ya marmashe a hannu kamar ƙuli-ƙuli. Bangon gabas kuwa ba a sa masa diga ba, cire itatuwan aka yi, mutum biyu suka tura shi da kafaɗa ya kwanta cikin lungu. Goggo tana zaune a kan kujerar tsugunno tana kallo. Ta ce, "Ai tura shi kuka yi." Ba wanda ya yi mata musu.

Da bulo aka sake ginawa, aka zuba linta a kan ƙofa da taga. Birkilan yaro ne mai jin magana, ya tambaye ni inda zai sa rodi, na ce ya saukar da shi ƙasa-ƙasa, don kankare yana jure matsi amma ba ya jure ja, rodin ne zai karɓi jan. Aka buga kwano. Yaya ma ya share kangon Inna, ya ce ba zai sake ɗaki a wurin ba, ya kafa rumfa ya ɗaure tumaki.

Ni kuwa haka na ci gaba da zuwa aji ina dawowa. Maigidana ya kai ni asibiti a Gwarzo, aka auna jini aka ce lafiyata ƙalau. Ɗanɗanon abinci ya dawo a hankali, wajen azumi. Sauran ban san ko ya dawo duka ba. Har yau in aka ambaci Inna ina yi mata addu'a da zuciya ɗaya, amma wurin da ya kamata ya yi zafi shiru yake.

Da damina ta zagayo na je Sabon Birni na kwana biyu, na biya wajen Goggo da sabulu da goro. Ana yayyafi. Na same ta a sabon ɗakinta ta toshe kunne da auduga. Ta ce wannan kwanon ba ya barin mutum ya ji ko kiran salla, da rana zafi, da ruwa ganga, ita dai an cuce ta. Na zauna a bakin gado ta yi ta mita har ruwan ya tsagaita. Ta ƙulla mini daddawa a leda, ta ce in kai wa Madam rabi, in gaya mata ba a zuba ta da yawa a miyar kuka. Mai babur yana jira a ƙofar gida, na hau muka kama hanyar Gwarzo.